Filin Direbobi da Matafiya: Taya Ma Tana Tsufa

Bazara ta kama. A watan Afrilu da na Mayu zafin rana a ƙasar Damagaram yakan wuce awo 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. A wannan lokaci ne ƴan ci-rani suke komowa gida daga Kano da sauran garuruwa, don su yi sharar gona kafin ruwan shuka. Motocin da ke jigila tsakanin Gaffati da birnin Zinder da Mirya suna cika maƙil, mutane a ciki, buhuna da katifu da kekuna a bisa. Duk wannan nauyi, da rayukan da ke ciki, a kan taya huɗu yake tafiya.

Direban kirki yakan duba mai da ruwa da birki kafin ya tashi. Amma in ya zo kan taya, sai ya ɗan shure ta da ƙafa, ya dubi zanenta. In zanen yana da zurfi, ya ce lafiya lau. To, a nan kuskure yake. Taya tana mutuwa ta hanya biyu. Ta fari ita ce suɗewa, wadda kowa yake gani da idonsa. Ta biyu ita ce tsufa, wanda yake cin taya daga ciki ko da zanenta yana nan kamar sabo. Irin wannan taya kyan ɗan maciji gare ta.

Darasi daga mota mai ɗaki

Dattawan Zinder ba su manta da Turawa masu yawon buɗe ido ba, waɗanda a shekarun 1970 da na 1980 suke ratso hamada daga Aljeriya, su bi ta Arlit da Agadas da Tanut, su sauka Damagaram. Wasunsu cikin mota mai ɗaki suke zuwa, mai gado da murhu da tankin ruwa a ciki. Har yanzu irin wannan mota tana da yawa a Faransa da Jamus. Mai ita yakan fita da ita ƴan makonni a shekara lokacin hutu, sauran watannin tana tsaye wuri ɗaya da nauyinta. Saboda haka tayarta ba ta suɗewa, tsufa take yi. Masu irin wannan mota sun san da haka, shi ya sa suke cire taya saboda shekarunta, ko da zanenta bai ragu ba.

Ina tayoyin da aka cire a Turai suke zuwa? Da yawa daga cikinsu ana loda su cikin jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma, a sayar da su a matsayin gwanjo. Mai saye a nan ya ga zane mai zurfi da kuɗi kaɗan, ya ce ya yi dace. Bai san abin da wani ya yar don tsoron ransa shi ne ya ɗora wa motarsa ba.

A karkara ma akwai motocin da ke zaman mota mai ɗaki. Akwai motar alhajin da ba ta fita sai ranar kasuwa ko ranar salla. Akwai motar ƙungiyar manoma da ba ta aiki sai da kaka. Akwai kuma motar ɗaukar marasa lafiya, wadda takan yi kwanaki a tsaye cikin rana, sannan dare ɗaya a ce ta kwashi mai naƙuda da gudu zuwa asibitin Zinder. Waɗannan su ne suka fi bukatar a san shekarun tayarsu.

Abin da ke faruwa cikin roba

Taya ba roba ce zalla ba. A ƙarƙashin zanen akwai shimfiɗun zare da na wayar ƙarfe, robar ce ta manne su wuri ɗaya. Iskar da ke cikin taya da wadda ke waje tana shiga jikin roba sannu a hankali, ta busar da ita, kamar yadda fatar da ba ta shan mai take ƙeƙashewa. Zafi yana hanzarta wannan aiki. Masu ƙera taya suna zuba wani magani cikin robar don ya kare ta, amma sai taya tana birgima maganin yake tasowa ya rufe bayanta. Wadda ke tsaye ba ta samun wannan kariya sosai.

In roba ta bushe, manninta da waya sai ya saki. Ranar da mota ta ɗauki lodi, ta kama gudu a kan kwalta mai zafi, sai bayan tayar ya ɓare kamar ɓawon rogo, ko ta fashe gaba ɗaya.

An ga wannan a ƙasashen da suka fi kowa gyaran hanya. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone na Amurka ya janye taya miliyan 6 da rabi daga hannun jama'a, bayan haɗurran da suka ci rayuka da yawa. Yawancin haɗurran a jihohi masu zafi na kudancin ƙasar suka auku. A Ingila kuma, a watan Satumba na 2012, tayar gaba ta wata babbar motar fasinja ta fashe, mutum 3 suka rasu har da direban. Da aka bincika sai aka tarar tayar ta shekara 19 da rabi, zanenta kuwa bai ƙare ba. Mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan ta yi shekaru tana kai kuka wurin hukuma. Daga ranar 1 ga Fabrairu 2021 doka ta hana sa tayar da ta wuce shekara 10 a gaban manyan motocin kaya da na fasinja. Ƙananan motocin fasinja masu kujera 9 zuwa 16 kuwa, an hana musu ita gaba da baya, muddin taya ɗai-ɗai ce a kowane gefe. In haka ta faru a ƙasa mai sanyi, ina ga ƙasar da rana ke narkar da kwalta?

Lambobi huɗu

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. A gefenta, kusa da ƙarfe, akwai haruffa uku, DOT, sai wasu haruffa da lambobi suka biyo baya. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne abin nema, galibi suna cikin ɗan zobe mai kama da ƙwai. Biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara ce.

Misali, in an rubuta 2319, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. Ta cika shekara 6 a tsakiyar 2025, za ta cika 10 a 2029. In an rubuta 0512, mako na 5 ne na 2012. In kuwa lambobin uku ne kawai, an ƙera ta kafin shekarar 2000, kada a ko tsaya ciniki. Wani lokaci lambobin a gefe ɗaya kawai suke, sai an leƙa ta ciki. Tayar da aka goge lambobinta ko aka ƙone su da ƙarfe, mai ita yana da abin da yake ɓoyewa.

Wannan karatu ba ya bukatar wanda ya yi lakwal mai zurfi. Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya koyi lambobi zai iya shi. Karen mota zai iya, mai faci zai iya, fasinja ma zai iya.

Shekara nawa taya take yi? Kamfanin Michelin na Faransa yana ba da shawarar cewa in taya ta shekara 5 tana aiki, a riƙa kai ta wurin masani ya duba ta kowace shekara, in kuma ta kai shekara 10 daga ranar ƙira a cire ta, komai kyanta. Wasu masu ƙera motoci, irin su Ford, shekara 6 suka ce. A ƙasa mai zafi da hanyoyin burji, mai hankali ƙaramin adadin zai riƙe. Safaya ma tana cikin wannan lissafi, balle wadda aka ɗaure bisa mota tana shan rana shekara da shekaru.

A wurin saye

Wanda ya je sayen taya a Zinder ko Kano, sabuwa ce ko gwanjo, ya kula da waɗannan abubuwa:

1. Ya fara da lambobi huɗu. Akwai tayar da ba a taɓa ɗora ta a mota ba, amma ta tsufa a cikin shago.

2. Ya dubi gefenta da cikin zanenta da rana tsaka. Ƙananan tsagogi masu kama da faso alamar bushewa ce. Baƙin man da aka shafa mata don ta yi sheƙi ba ya maido da ƙuruciya.

3. Ya shafa ta da hannu ciki da waje. Kumburi a gefe yana nuna zaren ciki ya tsinke, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Faci a tsakiyar zane yana yiwuwa, faci a gefe ba shi da amana.

4. Ya lura ko an sake yanka zanen da wuƙa mai zafi. Wasu tayoyin manyan motoci ne kawai aka yi su don haka. A tayar ƙaramar mota, yankan yana kusantar da waya ne.

5. Ya guji mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Don lokacin sanyin Turai aka yi ta, robarta taushi gare ta, ba ta jimre zafi.

6. Ya dubi nauyin da za ta iya ɗauka. Motar fasinja irin Hiace tana bukatar taya mai harafin C bayan lambar girmanta. Lamba 106 tana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 950. Lamba 91, ta ƙaramar mota, kilo 615 ce. A taya huɗu bambancin ya kai kilo 1340, wato fiye da buhu 13 na gero mai kilo 100.

In an sa sabuwar taya, a sa sabon bawul tare da ita. In kuɗi bai isa huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya, a sa su a layi ɗaya, dama da hagu. Direbobi da yawa gaba suke sa sababbi. Masu ƙera taya kuwa baya suke cewa a sa su, domin in bayan mota ya ƙwace, sitiyari ba ya maido da shi da sauƙi. Wannan ba ya nufin a bar wa gaba ruɓaɓɓiya. Wadda ta wuce shekarunta ba ta da wuri, gaba ko baya.

Iska da rairayi

Hanyoyin ƙauyuka da yawa rairayi ne. Direba yakan rage iska don kada mota ta kafe, wannan dabara ce mai kyau. Laifin shi ne ya hau kwalta bai maido da iskar ba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi, wayarta ta saki. Wanda ke bin rairayi ya riƙe famfo da ma'aunin iska cikin mota.

Da safe ake awon iska, kafin mota ta yi tafiya. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. In taya ta yi zafi a hanya awonta yakan hau, kada a sace mata iska saboda haka. A tsaya a inuwa ta huce. Motar da za ta daɗe a tsaye kuma a sama mata rumfa, ko a rufe tayoyinta da tsohuwar tabarma, a riƙa zagayawa da ita lokaci lokaci.

In tsautsayi ya sa taya ta fashe ana cikin gudu, direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ya danna birki da ƙarfi. Ya sassauta ƙafa daga totur sannu sannu, sai mota ta rage gudu sannan ya ratse gefe.

Tsohuwar taya ba ta zama asara. Amalanken shanu ko na jaki, da yake a hankali yake tafiya, zai ci moriyarta. Ana yin takalma da ita, da kwamin shayar da dabbobi. Abu biyu ne za a kiyaye. Kada a bar ta a fili da damina, ruwan da ke kwanciya cikinta gidan sauro ne. Kada kuma a yi babbakar kai da ƙafa da ita, hayaƙinta guba ne ga mai yi da mai ci.

Kowa ya san taya tana da tsada, kuɗin shiga kuwa kaɗan ne. Amma mai motar da ke ware wani abu daga cinikin kowace rana, ko ya shiga adashi da ƴan uwansa direbobi, ranar canji ba za ta zo masa da ba-zata ba. Shugabannin tasha su ma suna da abin yi, domin duba lambobi huɗu kafin a yi lodi ba ya cin minti biyar. Fasinja kuma yana da ikon ya sunkuya ya duba, in bai gamsu ba ya jira mota ta gaba. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

A wata mai zuwa filin zai yi bayani a kan birki da shirin shiga damina. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.