Kada mu rufe tsofaffinmu da abin da suka sani

Idan tsohuwa ta rasu a ƙasar Magarya ko Dungas, magana ɗaya ake maimaitawa wurin ta'aziyya: ta yi tsawon rai, ba ta wasa da salla, Allah ya jiƙanta. Gaskiya ne. Amma bayan an raba gado, wa ya gaji abin da ke kanta?

Kakar mahaifiyata ta haura shekara 90. Ba ta da takardar haihuwa, da shekarun wahala take ƙidaya. Takan ce ba a daɗe da yaye ta ba aka yi Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Ta ga aikin tilas na Nasara har aka soke shi a 1946. Ta ga zamanin da gujiya ke kawo kuɗi Magarya, ta ga farin 1973, ta ga yunwar 1984 da aka laƙaba wa sunan Buhari, lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka, hatsin Maigatari da Ɓaɓura ya yi wuyar samu. Ta cika jim kaɗan bayan yunwar 2005.

Karatunta bai wuce gajerun surori ba, amma carbi ba ya barin hannunta, azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta. Ibadarta kuma ba ta tsaya kan buzu ba. Komai yunwa, ba ta yarda a taɓa irin shuka. Komai ƙarancin fura, almajiri na da rabonsa. Ita ta koya wa matan gida yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita. A takardar ƙidaya, irinta ake rubutawa "ba ta yi karatu ba".

Tsakanin 1949 da 1950, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta labarinta. Littafin Baba of Karo ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'i. Baƙuwa ta ga darajar hirar tsohuwa. Mu da ke kwana gida ɗaya da su fa?

Shawarata ga ƴan uwana malamai: a kowane babban hutu, a ba ɗalibi aikin zama da mafi tsufa a gidansu. Ya tambaye ta yunwar da ta gani, abin da aka ci, addu'ar da ta riƙe, ya rubuta da Hausa, a adana a makaranta. Wani zai ce manhaja ta cika. Ai wannan aikin shi ne rubutu, shi ne tarihi, har da lissafi, tunda sai yaro ya gano shekarunta daga labarinta.

Ku kuma iyaye, ku daina korar yara daga ɗakin kaka da sunan suna damunta. Ku ba su aron waya su naɗi muryarta tun tana iya magana.