Tallafin Doha da Ƙungiyoyin Unguwanninmu

Ƙungiyar Qatar Charity ta daɗe tana haƙa rijiyoyin burtsatse, tana gina masallatai, tana kuma ɗaukar nauyin marayu a arewacin Najeriya. Allah ya saka da alheri. Sai dai haƙa rijiya aikin makonni ne, kula da ita kuwa na shekaru, kuma masu wannan hidima su ne ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni irin su Kurna da Rimin Kebe a Kano. Su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, amma su tallafi ya fi tsallakewa, domin da yawansu ba su da rajistar hukumar CAC, balle rahoton kuɗi da akanta ya tantance.

Dokar Qatar mai lamba 15 ta shekarar 2014 ta hana tara gudummawa ba tare da izinin hukuma ba, saboda haka karɓar kuɗi ba hurumin ɗalibi ba ne a nan. Iliminmu kuwa babu mai yi masa shamaki. Kowannenmu ya zaɓi ƙungiya guda a garinsu, ya taya ta yin rajista, da tsara littafin shige da ficen kuɗi, da rubuta takardar neman tallafi. Masu bayarwa kuma su riƙa ware kason gyara tun ranar aza harsashi.