Ilimin 'Ya Mace a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Masu iya magana sun ce ilimi gishirin zaman duniya ne, kuma ba a taɓa jin an ware wa namiji gishiri an bar mace da lami ba. Tun lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zagaya ƙasar Zamfara yana wa'azi, mata suna halartar majalisinsa, kuma a cikin littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauye. Saboda haka, duk mai ɗaukar karatun mace baƙon abu ne, to bai san tarihin ƙasarsa ba.

Amfanin wannan ilimi a fili yake a Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda noman ranin madatsar ruwa ta Bakolori ya haɗa su. Maza ke noma shinkafa, amma mata ke gumi da sussuka da sayarwa a cikin gida. Macen da ta iya lissafi ba za a ƙware ta a mudu ko a bashi ba. Wadda ta iya karatu za ta gane ƙa'idar shan magani da ranar rigakafin ɗanta. Bugu da ƙari, magidancin da ba ya son namiji ya duba matarsa a asibiti, tilas ya yarda 'yarsa ta yi karatun ungozoma, domin ba a girbin abin da ba a shuka ba.

Sai dai tsoron iyaye yana da dalili. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe, aka sako 279 bayan kwana huɗu. A shekarar ce kuma aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, da makarantar Kaya a Maradun. Maganin wannan shi ne hukuma ta tsare makarantu, ta kuma kusanto da su ga jama'a. Cire yarinya daga aji a aurar da ita ba shiri, cika wa ɓarayin burinsu ne.

A nan ne nauyi ya hau kan malami. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro, mace da namiji, amma doka ba ta shiga zaure ta lallashi uba. Malami ne zai bi sawun ɗalibar da ta daina zuwa, ya zauna da mahaifinta da liman da mai unguwa. A cikin aji kuma ya ba ta damar amsa tambaya da riƙe shugabanci daidai da ɗan'uwanta namiji, kada ya mayar da ita mai shara kawai.