Wutsiyar Kifi Ta Cancanci Bincike a Jami'o'inmu

Duk mutumin Kausani da ya taɓa tsayawa a bakin kogin Wudil ya ga yadda karfasa ke kaɗa wutsiya ta ɓace wa masu su. Ra'ayina shi ne, wannan kaɗawar ilimi ce babba wadda muka bar wa Turawa, alhali kifin a ruwanmu yake.

Idan wutsiya ta kaɗa dama, takan bar wani ɗan juyin ruwa a bayanta, in ta dawo hagu ta bar wani mai juyawa akasin na farko. Waɗannan juye-juye su ke haɗuwa su tura ruwa baya, kifi kuwa ya yi gaba. To, amma abin yana da ma'auni. A ninka yawan kaɗawa cikin daƙiƙa ɗaya da faɗin inda wutsiyar ke kaiwa, sannan a raba da saurin kifin. Sakamakon shi ake kira lambar Strouhal. Alal misali, kifin da ke kaɗawa sau 3, faɗin santimita 6, yana cin santimita 60 a daƙiƙa, lambarsa 0.3 ke nan. Binciken Triantafyllou da abokansa a Amurka, a farkon shekarun 1990, ya nuna yawancin kifaye suna tafiya ne kusa da wannan adadi. A 2003 masana a Oxford suka tarar tsuntsaye da jemagu ma tsakanin 0.2 da 0.4 suke. In lambar ta yi ƙasa ainun, turawa ta yi rauni. In ta haura, turawa ta ƙaru amma ƙarfi ya riƙa zubewa a banza, kamar mai tuƙin kwalekwale da ya ruɗe yana ta dukan ruwa. Hasali ma, a gwajin 1998 a MIT, wani faranti mai kwaikwayon wutsiya ya mayar da kusan kashi 87 cikin 100 na ƙarfin da aka ba shi zuwa tafiya.

Wani zai ce ina ruwan talaka da wannan? Mai faɗin haka ya leƙa kogin Haɗeja, inda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Farfelar inji takan naɗe ciyawa, kuma tana son zurfi, ga tsadar mai. Faranti mai kaɗawa ba ya juyawa balle ya naɗe komai. Ko zai yi wa masuntanmu arha, sai an gwada.

Gwajin kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Wudil, wadda aka buɗe a 2001, tana dab da kogin. Doguwar kwatarniyar gilashi, da ruler, da wayar hannu mai ɗaukar hoto a hankali sun isa ɗalibi ya auna lambar tarwaɗa da ta karfasa, ya kwatanta su da yauni, wanda ke tafiya gaba da baya da ƙayar gadon bayansa ba tare da ya lanƙwasa jiki ba. Malaman nazarin halittu su kawo kifin, injiniyoyi su ƙera farantin, a kuma gayyato Sarkin Ruwa ya faɗi wane kifi ne ya fi wuyar kamu a lokacin ambaliya.