Kufai Ba Juji Ba Ne: Ku Hana Yara Tonon Kayan Kakanni

A makon da aka koma lakwal bayan hutun damina, wani ɗalibina ɗan shekara goma sha huɗu ya tare ni a bakin aji da ƙunshin leda a hannu. Ya kwance. Ciki akwai ƴar kwalba koriya mai kaurin gindi, da wuri guda bakwai, da duwatsun wuya ja guda uku, da karyayyar tukunyar taba. Ya ce, "Mushe, nawa za su yi?" Na tambaye shi inda ya samo su. Ya ce kufan da ke bayan gonakin garinsu. Shi da abokansa uku suka yi kwana biyu suna tono da hauya da shebur.

Da na matsa masa, sai ya fito da wayar yayansa ya nuna mini bidiyo. Turawa ne a Amurka, sun shiga rami har wuya, suna fito da kwalabe suna shewa. Ya ce, "Ai su ma suna yi, kuma ba wanda ya kama su."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ina son malamai ƴan'uwana da iyayen yara na Dogon Dutsi da Tibiri su ji ni da kyau: tonon kufai ba wasa ba ne, ba kuma neman halak ba ne. Ɓarna ce da ba ta da gyara, kuma mu manya ne muka sa mata ido.

Bari in fara da Turawan, tunda da su ake kafa hujja. Gaskiya ne, a Amurka akwai masu wannan sha'awa. Kafin a samu masu kwashe shara, mutanen birane a ƙarni na 19 kan jefa kwalaben magani da na giya da fasassun kwanuka cikin ramin masai na bayan gida. In ya cika sai a binne. Yau masu sha'awar kan nemi izinin mai gida, su riƙa soka dogon ƙarfe a ƙasa har su ji inda ta yi laushi, su tona. Abin da suke nema shi ne kwalaben da aka busa da baki, kafin Michael Owens ya fito da injin yin kwalba a 1903. To amma ku lura da abu biyu. Na farko, su a can tarihin garuruwansu a rubuce yake: akwai taswirar unguwa, da rajistar gidaje, da jaridu. Na biyu, duk da haka masana binciken ƙasa na can ba su daina kuka da su ba, don duk ramin da aka yamutsa ya tashi daga aiki. In mai takarda yana kuka, ina ga mu da ba mu da ita?

Me muke da shi a rubuce game da Arewa kafin zuwan Nasara? Ku ɗauki abin da kowa ya sani, yaƙin Lugu na watan Afrilun 1899, lokacin da Sarauniya Mangu da mutanenta suka tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine. Shaidunmu biyu ne: takardun sojojin da suka ƙona garin, da bakin tsofaffi. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun ɗaga sunanta a duniya, amma ƙagaggen labari ne aka gina kan tarihi. Tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi. Saura shaida na uku, wanda ba ya ƙari ba ya ragi, shi ne ƙasa. Tsufan Lugu da Bagaji da Matankari, da lokacin da aka fara zama a Dallol Mawri, da inda aka narkar da tama, da hanyar da fatake suka bi, amsar duk tana kwance ƙarƙashin kufai. Wannan shaidan ne yaranmu suke sara da hauya.

Wani zai ce, "To ai kayan ba su ɓace ba, ga su a hannu." A nan ne kuskuren yake. Darajar abu a wurin mai bincike ba a jikin abin take ba, a inda aka tarar da shi take. Ƙasa hawa-hawa take kwanciya, na ƙasa ya girmi na sama. In aka sami wuri kusa da murhu, gawayin murhun za a auna a gane shekarunsa, daga nan a san lokacin da wurin ya shigo garin. Wuri kuwa ba a Dallol ake haifarsa ba. Da yawa daga cikinsa daga tsibiran Maldibu na Tekun Indiya ya taso, ya bi hannu ya bi hannu har ya zama kuɗi a ƙasar Hausa. Guda bakwai ɗin nan da yaro ya kawo mini za su iya gaya mana yaushe garinsu ya shiga wannan ciniki. Amma an tsame su, an watsar da gawayin, an tattake tsingaron da ke gefensu. Yanzu wuri ne kawai a leda. Kamar a yage shafi ɗaya daga littafi ne, a ƙone sauran.

Kada wani ya ce ina zuzuta abu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera. A 1983 Boubé Gado na cibiyar bincike ta IRSH da ke Jami'ar Yamai ya tona wani sashe nata bisa ƙa'ida, ya fito da ɗaruruwan tulunan binne matattu masu siffar mutane da mahaya dawaki, aikin al'ummar da ta rayu tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Da aka baje kolinsu a Paris a 1993, sai dillalai suka farga. Ƴan shekaru kaɗan aka yi, mutanen ƙauyuka suka yamutsa wurare da yawa suna sayarwa. Haka aka yi wa kayan Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina a Najeriya. A shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su duka cikin jerin kayan da aka yi gargaɗin kada a saya. Masu tonon sun ci ƴan jikunansu sun ƙare. Dillalai sun yi arziki. Kayan suna falon attajirai a Turai, ƙauyukan kuwa sai ramuka.

Na je na sami mahaifin yaron da yamma. Dattijo ne mai mutunci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, hatsin bana ba zai kai mu rani ba. In yaro ya tono abin da zai sayi littafi, in hana shi?" Ban raina maganarsa ba, ni ma na san abin da ake kira rumbu ya yi ƙasa. Amma na tambaye shi: da wani zai zo ya ce zai tone kabarin kakanka ya ba ka jika biyu, za ka yarda? Ya ce subhanallahi. Na ce to wa ya gaya maka babu kaburbura a kufan nan? Kuma yashin Dallol ba ya riƙe rami. Ranar da ya rufta da yaro, jika nawa za ta fanshe shi?

Akwai kuma masu cewa, "Kayan azna ne, me za a yi da su?" Ba wanda ya ce a bauta wa tsingaro. Sanin yadda kakanka ya rayu daban, bin abin da ya bi daban. Matar da ta gina tukunyar nan, da maƙerin da ya bar kashin tama a bakin tudu, jininsu ne ke gudu a jikinmu. Abin mamaki kuma, mu ne muka yi ta tafi a 2021 da Faransa ta mayar wa Benin kayan fadar Abomey guda 26. Muna neman a maido ta ƙofar gaba, muna fitarwa ta ƙofar baya. Wannan wane irin kishi ne?

Doka ma ba ta yi shiru ba. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997, kuma a ƙarƙashinta ba a tonon wurin tarihi sai da izinin hukuma. Amma ba jandarma ne zai tsare kufai ba. Mu ne.

Malamai, sha'awar yaran nan ba laifi ba ce, akala take buƙata. Yaron da ya yi kwana biyu yana tono don son ganin abin da ke ƙasa, shi ne wanda zai iya zama Boubé Gado na gobe. Ku kai ajinku kufai da littafi da fensir, ba da hauya ba. Su zana abin da suka gani a sarari, su auna faɗin wurin da taki, su bar komai inda yake. Ku tura su wurin tsofaffi su tambayo sunan kufan, da su wa suka zauna, da abin da ya tashe su: fari ne, ko yaƙi, ko rijiya ce ta ƙafe. In ruwan sama ya zaizaye ƙasa wani abu ya fito, a rubuta ranar da wurin, a sanar da mai gari da magajin gari, don labari ya kai ga IRSH ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

Iyaye, in ɗanku ya shigo da kuɗin da ba ku ba shi ba, ku tambaya. In baƙo ya sauka daga mota yana neman "tsofaffin kaya", ku raka shi wurin mai gari, kada ku raka shi kufai.

Ƙunshin yaron nan yana cikin akwatina a lakwal, da takarda a jiki mai sunan kufan da ranar da aka tono. Iyakar abin da na iya cetowa ke nan. Ranar Asabar mai zuwa ni da shi da abokansa uku za mu koma mu cike ramin.