Littafi Ma Yana Bukatar Rumbu: Matsalar Ajiyar Kayan Karatu a Azuzuwan Firamare na Ƙasar Baure

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan ƙasar Baure da kaka, lokacin yankan gero da girbin dawa, zai shaida yadda manomi yake ɗaukar sha'anin ajiya da muhimmanci. Tun kafin dami ɗaya ya iso gida ya riga ya zagaya rumbunsa, ya liƙe tsaga, ya gyara jinka, ya kuma tabbata duwatsun da rumbun yake zaune a kansu ba su nutse ba, domin ya san wahalar damina guda tana iya ƙarewa a bakin gara da ɓera cikin 'yan makwanni. Abin mamaki kuwa shi ne, ɗan wannan manomi idan ya tafi makarantar firamare, sau da yawa yakan shiga ɗakin da babu kome cikinsa sai bango huɗu da allo da 'yan bencina, babu kabad, babu kanta, babu ko ƙusar da za a rataya taswira. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa ma'ajiya a cikin aji tana daga cikin sharuɗɗan koyon karatu, kuma dabarar samar da ita tana nan cikin al'adar mutanen da suke kewaye da makarantar.

Asalin matsalar

Makarantun elementare na zamanin En'e ba su da yawa, yaransu ma ba su da yawa, saboda haka lissafin littafi da alli bai zama abin wahala ba. Al'amari ya sake ne a watan Satumba na 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin Nijeriya, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. Ƙasar Daura, wadda a lokacin take cikin Jihar Kaduna kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ita ma ta samu rabonta na wannan turuwa. Aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa, kuma a irin wannan hali abin da ake ƙidayawa shi ne yawan ɗakuna da yawan yara. Wurin da littafi zai kwana bai shiga lissafi ba.

A 1999 aka sake ƙaddamar da wani shirin, wato UBE, a Sakkwato, aka kuma yi masa doka a 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, jihohi kuma suna kawo nasu kason ta hannun hukumominsu na SUBEB. Da wannan kuɗi an gina azuzuwa, an ƙera kujeru, an sayi littattafai masu ɗimbin yawa. Amma fa sau da yawa waɗannan abubuwa uku kowanne da kwangilarsa, mai ginin bai san da zuwan littafi ba, mai kawo littafin kuma aikinsa ya ƙare da zarar an sa masa hannu a takarda. Tsakanin isowar littafi makaranta da isarsa hannun yaro akwai wani giɓi da babu wanda aka ɗora wa alhakinsa.

Abin da rashin ma'ajiya yake jawowa

Baure tana can gefen arewa maso gabashin Jihar Katsina, kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma yanayinta ba ya tausayin takarda. Da hunturu ƙura takan shiga ta kowace kafa ta kwanta bisa kome. Da damina hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ya feso ruwa ta taga, wani lokaci ma ya yaye kwanon rufi. Gara kuwa abincinta ke nan, itace da takarda, idan ta samu kwalin littattafai a ƙasa jingine da bango, kafin a dawo daga dogon hutu ta gama da shi. Sa'an nan ga ɓeraye, ga awaki da suke shiga ajin da ƙofarsa ta ɓalle.

Hedimastan da ya ga haka, abin da yakan yi shi ne ya tattara kome ya kulle a ofishinsa. Ba a ga laifinsa ba, domin shi za a tambaya ranar da masu duba makarantu suka zo ƙidayar kaya. To, amma a dubi sakamakon. Malamin aji ɗaya da yake son littattafai da safe sai ya jira mai mabuɗi ya iso, ya aiki yara su kinkimo, a raba, a karanta, a sake tattarawa a mayar. A darasin da bai wuce rabin sa'a ba, wannan kai da kawowa ya cinye kashi mai tsoka. Ranar da hedimasta ya tafi hedkwatar ƙaramar hukuma taro, ranar babu littafi ke nan. A hankali malamin yakan gaji, ya koma ga abin da ya fi sauƙi, wato ya rubuta a allo, yara su bi shi da baki. Ta haka ake samun makarantar da a rajista tana da littattafai ɗaruruwa, alhali ɗalibanta ba su saba da buɗe shafi ba.

A nan ne maganar ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a wurin, kuma Hausa ta yi sa'ar samun littattafan fara karatu tun da wuri, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, sa'an nan ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam ga wanda ya ɗan ci gaba. Daga 2015 kuma shirin RANA ya shigo jihohin Katsina da Zamfara da littattafan koyon karatu da lissafi cikin Hausa domin ƙananan azuzuwa. Duk wannan ƙoƙari an gina shi ne bisa zaton yaro zai riƙa haɗuwa da rubutu kowace rana. Karatu sabo ne, ido yana koyonsa ne ta yawan maimaici, kuma yaron da a gidansu babu jarida babu littafin boko, aji ne kaɗai inda zai samu wannan sabo. Ashe ke nan marubucin da ya ɓata dare yana tsara baƙi da wasali, da manazarcin da ya tsaya kan ƙa'idojin rubutu, duk amfanin aikinsu yana rataye ne a kan wani kabad da ba a ƙera ba.

Hikimar ajiya a gidan Bahaushe

Ba sai an je nesa neman dabara ba. Rumbu an ɗaga shi daga ƙasa bisa duwatsu domin laima kada ta kama shi, kuma domin idan gara ta fara gina hanyarta a gan ta a kankare. An rufe shi daga sama, an kuma san wanda yake da ikon buɗe shi. A ɗakin mace akwai ragaya da ake rataya ƙwarya, nesa da ƙasa da bakin dabba, akwai adaka ta tufafi, akwai jere inda kowane kwano yake da mazauninsa. Magina na dā sukan bar alkuki a jikin bango tun lokacin gini, wato ma'ajiya da gini tare ake yin su. A makarantar allo kuwa, wadda ta riga ta boko zuwa ƙasar Daura da ɗaruruwan shekaru, littafi yana da gafaka ta fata, tawada tana da kurtu, kowane almajiri ya san allonsa ya kuma san inda yake jingine shi idan an tashi. Ƙa'idojin dai ba su wuce huɗu ba: a ɗaga daga ƙasa, a rufe, a ba kowane abu gurbinsa, a san mai alhaki.

Masana ilmin yara a wasu ƙasashe sun ƙara ƙa'ida ta biyar. Sa'ad da Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta ƙananan yara a birnin Rum na ƙasar Italiya a 1907, daga cikin abubuwan da ta sake har da tsarin ajiya: maimakon dogon kabad mai kulle wanda malama kaɗai take buɗewa, sai aka koma ga gajeru, daidai tsawon yara, domin yaro ya ɗauko abin aiki da kansa ya kuma mayar. Ta lura cewa mayar da abu mazauninsa shi kansa tarbiyya ne. Uwar da ta koya wa 'yarta gyaran jere ba za ta yi gardamar wannan ba.

Yadda ya kamata a tsara aji

Da farko a san girman bukatar, domin ba ta kai yadda ake zato ba. A ƙaddara aji mai yara 60, kowane yaro da littattafai 3, na Hausa da na Turanci da na lissafi. Littattafai 180 ke nan, kuma tun da na ƙananan azuzuwa kaurinsu bai cika kai santimita 1 ba, kanta mai hawa 3, kowane hawa mita 1, za ta ɗauke su har da sauran wuri.

Abin da ya fi dacewa da ƙasa irin ta Baure shi ne kabad na bulo da siminti da aka gina a jikin bango, mai ƙofar ƙarfe da kwado, gindinsa ya ɗaga daga daɓe kamar taƙi biyu. Irin wannan gara ba ta cinsa, ɓarawo ba ya ɗaukarsa, ba a kuma aronsa zuwa wurin biki. A sa shi a bangon da yake nesa da tagogin gabas, inda feshin ruwa yake shigowa. Hawan sama na malami ne: rajista, alli, jagoran malami da takardun jarrabawa. Hawan tsakiya na littattafan karatu, kowane darasi da gurbinsa, an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe cikin Hausa, ta yadda alamar kanta za ta zama abin karantawa. Hawan ƙasa na kayan ƙirga da yara suke tarowa, kamar 'ya'yan tsamiya da marafan kwalba da tsinkaye, kowanne a gwangwaninsa. Taswira da katunan baƙaƙe a rataya su a igiya ko a jerin ƙusoshi, kamar dai ragaya. Inda ba a samu halin gini ba, adakar ƙarfe da aka ɗora bisa bulo huɗu ta fi kwali a ƙasa nesa ba kusa ba.

Mabuɗi ya zama biyu, ɗaya wurin malamin aji, ɗaya wurin hedimasta, tare da ɗan littafin lissafin kaya da za a riƙa dubawa farkon zango da ƙarshensa. Rabawa da tattarawa kuwa aikin yara ne, a riƙa juya shi mako-mako tsakanin maza da mata, kada ya zama na monita shi kaɗai.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai masu cewa makarantar da yaranta suke zaune a ƙasa, rufinta yana yoyo, malamanta ba su isa ba, ina ita ina zancen kabad? Wannan magana tana da nauyi, kuma babu mai cewa kabad zai maye gurbin malami. Sai dai a tuna, inda rufi yake yoyo nan ne littafi ya fi bukatar mafaka. Kuɗin kabad guda kuma ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin ginin ajin, ko da kuɗin littattafan da za a sake saye bayan gara ta cinye na farko.

Wasu kuma tsoronsu shi ne idan aka sakar wa yara littafi zai yage, ko ya ɓace. Lalle zai tsufa, wasu ma za su yage. To, amma littafin da ya tsufa a hannun yara 60 ya biya kuɗinsa, wanda ya ruɓe cikin kwali da sabuntarsa shi ne asara. Gyaran da ake bukata a nan yana wuyan masu duba makarantu: muddin tambayarsu ita ce littafi nawa ya rage, hedimasta zai ci gaba da kullewa. Ranar da suka fara tambayar littafi nawa ne yake cikin aji, kuma yaushe aka buɗe shi, ranar mabuɗi zai fito.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata hukumar SUBEB ta Jihar Katsina ta sa kabad cikin zanen kowane sabon aji, kada a karɓi gini daga ɗan kwangila sai da shi. Kwamitocin kula da makarantu na iyaye da masu unguwanni, daga garin Baure har Babban Mutum da ƙauyukan da ke kewaye, suna iya ɗaukar nauyin tsofaffin azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, su fara da aji ɗaya da aji biyu, da magina da maƙeran garinsu. Kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina, su riƙa auna ɗalibi mai gwajin koyarwa da yadda ya tsara kayan ajinsa, ba da tsarin darasinsa kaɗai ba. Ɗaliban sashen Hausa kuwa, waɗanda da yawansu aji ne makomarsu, ko kuma rubuta littattafan da za a kai ajin, ya dace su riƙa tambayar inda littafin zai kwana kamar yadda suke tambayar abin da yake cikinsa. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. A ajin firamare, wannan rana ita ce gobe da safe, sa'ad da yaro zai zo yana neman shafin da ya tsaya jiya.