S.D. Dombo: An sa sunansa a ƙofar jami'a, buƙatunsa na nan a kan titi

Kwanan baya a tashar mota ta Bolga na zauna kusa da wani saurayi da zai koma makaranta a Wa. Jami'ar da yake karatu, an sa mata sunan S.D. Dombo a 2019. Na ce masa, ɗana, wane ne wannan Dombo? Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ina jin wani tsohon ɗan siyasa ne." Ban ga laifinsa ba. Laifinmu ne mu manya, da muke ɗora sunan mutum a allo ba mu ba yara labarinsa ba.

An haifi Simon Diedong Dombo a 1925. Malamin makaranta ne, kuma sarkin Duori a ƙasar Jirapa. Arewar da ya tashi a cikinta, Turawan Ingila sun mayar da ita rumbun leburori ne kawai, ana kwasar majiya ƙarfi zuwa ramukan zinariya da gonakin koko a Kurmi. Ku duba wannan: an buɗe makarantar Mfantsipim a Cape Coast tun 1876, amma Arewa ba ta samu sakandare ta farko ba sai 1951 a Tamale. Shekara 75 ke nan tsakani.

Wannan tazara ce ta sa a watan Afrilun 1954 aka kafa jam'iyyar Northern People's Party a Tamale. Tare da Dombo akwai Mumuni Bawumia, da Tolon Naa Yakubu Tali, da J.A. Braimah na ƙasar Gonja, da C.K. Tedam na Paga. Abin da suke nema ba ɓoyayye ba ne: makarantu, hanyoyi, asibitoci, da kuma kada a karɓi 'yancin kai a bar Arewa a baya. A zaɓen 1956, cikin kujeru 104, CPP ta Kwame Nkrumah ta samu 71, jam'iyyar Dombo ta samu 15, NLM mai ƙarfi a Asante ta samu 12. Wato a cikin 'yan adawa, Dombo ne ya fi kowa kujeru.

A nan ne abin da ake yawan tuna shi da shi ya faru. A 1957, da gwamnati ta kawo dokar hana jam'iyyun yanki da na ƙabila da na addini, 'yan adawa suka dunƙule suka zama United Party. Jagorancin bai je hannun mai kujeru 15 ba, ya je hannun Dakta Kofi Abrefa Busia, Dombo kuma ya yarda ya bi. Da Busia ya bar ƙasar a 1959, wasu abokan tafiya sun riga sun sauya sheƙa zuwa CPP. Shi kansa Mumuni Bawumia ya koma can, har ya zama minista. Dombo ya tsaya a kujerar adawa a lokacin da dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958 ke aiki. Wannan, wallahi, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Amma ba zan yi wa masu karatu rabin labari ba. A 1969 Busia ya zama firaminista, Dombo kuma ya riƙe ma'aikatar cikin gida da ta lafiya a gwamnatinsa. A watan Nuwamban wannan shekara gwamnatin ta ba baƙin da ba su da takardun zama kwana 14 su bar ƙasar. Duk wanda ya tashi a zango, a Bawku ko Yendi ko Salaga, ya ji labarin daga bakin kakanni: an sayar da rumfuna da arha, an raba mata da miji, mutanen da aka haifa a nan sun shiga manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Dombo yana cikin gwamnatin da ta yi wannan. Wanda zai yabe shi kan 1957, dole ya iya faɗin 1969. Gwamnatin ma ba ta daɗe ba, soja suka kifar da ita ranar 13 ga Janairun 1972. Dombo ya rasu a 1998.

To, me ya dame mu da wannan yau? Ni a ganina, an ɗauki sunan mutumin an bar buƙatunsa. Kowane zaɓe za ka ji ana kiran Danquah da Busia da Dombo a kan dandali, wasu kuma suna kiran Nkrumah. An sa wa jami'ar Navrongo sunan Tedam, madalla. Amma jirgin ƙasa har yau bai iso Arewa ba. Dam ɗin Pwalugu da aka kafa harsashinsa a 2019 bai tashi ba. 'Yan matanmu suna nan a kasuwannin Kumasi da Akara da kwano a ka suna dako, kamar yadda kakanninsu suka gangara Kurmi neman kuɗin haraji. Gwamnatocin jam'iyyun biyu duk sun zo sun wuce a kan wannan, don haka babu wadda za ta wanke hannunta.

Abu biyu nake kira a yi. Na farko, malaman tarihi da gidajen rediyonmu na Bolga da Bawku su koya wa yara labarin mutanen 1954 cikakke, da daɗinsa da ɗacinsa, cikin harsunan da muke ji. Na biyu, 'yan majalisarmu na Arewa, ko wace riga suka sa, su zauna wuri guda su fitar da buƙatu kaɗan da ba za su sa hannu a kasafin kuɗi ba sai an saka su. Su Dombo sun yi hakan ba waya a hannu, ba kwalta a ƙasa. Duk ɗan takarar da ya sake zuwa mana da sunan Dombo a baki, mu tambaye shi wanne daga cikin abubuwan da Dombo ya nema ya kawo.